Gari Mai Ƙafa Ɗaya

Bazarar bana injin fanfonmu ya mutu. An aika Tanut a kira mai gyara, ya zo ya duba ya ce ƙarfen da ya karye sai a Damagaram, daga Damagaram kuma aka ce sai an jira. Da ƙishirwa ta fara taɓa awaki, samari suka je kwari suka ɗage itatuwan da aka rufe bakin tsohuwar rijiya da su, suka zura guga. Na sa aka shimfiɗa mini tabarma a gindin aduwa ina kallo. Igiya ta yi ta tafiya, ta yi ta tafiya, har wani yaro ya ce babu kome a ciki sai macizai. Can muka ji gugan ya ce tinjim. Na san wannan ƙarar kamar yadda na san muryar uwata.

Jikana ya tambaye ni wa ya haƙa ta. Na ce mu. Ya dube ni, ya dubi sandata, ya yi dariya. Shi ya sa na zauna da ɗan bokon da na tsinta da girma in rubuta yadda aka yi, don cikin waɗanda suka ja ƙasar ramin nan ni kaɗai na rage.

Lokacin ina saurayi, ban yi aure ba. Yaƙin Abzin ya lafa da 'yan shekaru, ayarin Buzaye ya koma bin hanyarsa. Nasara na nan a bariki, amma mu ba mu cika ganinsu ba, sai dai gardi in ya zo neman mutanen aikin hanya. Garinmu Aduwa Uku, tsakanin Tanut da Belbeji, ba babba ba ne, amma muna da tinƙaho. Ƙasarmu Damargu ke ciyar da Abzin, mu kuwa muna ganin mu ke ciyar da Damargu. Buzaye su sauke gishiri da dabino, su ɗora gero. Rumbunanmu sun fi ɗakunanmu yawa.

Rijiya ɗaya gare mu, ta kakanni, cikinta ɗaure da itace. Takarkari ke jan wasaki, babban gugan fata, ya yi tafiya mai nisa da igiya kafin ruwa ya leƙo. A bakinta ake jin labarin duniya, a bakinta ake ƙulla aure, a bakinta ake faɗa a shirya. Ba wanda ya taɓa zama ya yi tunaninta, kamar yadda mutum ba ya tunanin harshensa.

Abu na biyu da muke tinƙaho da shi langa ce. Ga wanda bai san ta ba: a fako ake yi, gari da gari. Kowa ya lanƙwashe ƙafa ɗaya ta baya ya riƙe ta da hannu, ya yi ta tsalle da ɗayar. Wanda ya faɗi ko ya saki ƙafarsa ya mutu, sai ya fita. A can ƙarshen fili a kife turmi. Waɗanda wasa ke hannunsu su fid da mutum ɗaya, shi ake kira ruwa. Sauran dawakinsa ne, su tare masa, su yi turi, su faɗi dominsa. In ya kai ya taɓa turmin, sai a ce ruwa ya sha. In an kayar da shi, wasa ya koma hannun abokan karawa.

Ruwanmu Idi ne, taubashina, ɗan Kawu Tanko ƙanen innata. Siriri ne dogo, ƙafafu kamar kara, shi ya sa ake ce masa Shamuwa. Ni dokinsa ne. Kaka uku a jere samarin Tudun Jiga, garin da ke gabas da mu, ba su sha a fakonmu ba, mu kuwa mun sha a nasu har muka gaji.

A farkon bazarar shekarar nan ruwa ya ja baya kamar kullum, aka ce a yashe rijiya. Kawu Tanko ne ya sauka tun da safe. Da hantsi ya yi, aka ɗaura wa Idi igiya a ƙugu ya je ya karɓe shi. Ina tsaye a bakin komi ina shayar da jakinmu. Ba wata babbar ƙara aka yi ba. Kamar an sauke taiki daga kan raƙumi, shi ke nan. Sai ƙasa ta yi motsi a ƙarƙashin tafin ƙafata, ƙura ta taso daga bakin rijiyar kamar hayaƙi. Mai korar takarkari bai jira an ce masa kome ba, ya zabga wa takarkarin sanda. Igiya ta fito da Idi, fari fat da ƙasa, ƙafarsa ta hagu tana lilo kamar ba tasa ba.

Kawu Tanko bai fito ba. Mun yi ta tono da hannu da ƙorai, muna kwashewa tana ƙara ruftawa. Da liman ya ga za a ƙara rasa wasu, ya ce a bari. A bakin ramin muka yi masa salla, ba wanka, ba likkafani. Muka cike sauran da ƙasa da hannunmu. Ko ruwan da za a yayyafa wa kabarin ba a samu ba.

A yammacin nan na zaga cikin gari. Ga rumbuna cike, ga awaki, ga gishirin Buzaye jibge a zaure. Kome na nan yadda yake jiya. Amma na ga mata sun zauna a ƙofar gida da tulunansu, ba wadda ta san inda za ta nufa. A nan na gane ashe duk tinƙahon da muke yi, a kan ƙafa ɗaya garin ke tsalle, ba mu sani ba.

Mai gari ya aika aka ɗauko wani Babarbare mai haƙar rijiya, Malam Kyari. Ya zaga kwarin, ya zaɓi wuri nesa kaɗan da kabarin, kusa da fakon langa, aka fara haƙa. Kafin a samu ruwa kuwa, sai Tudun Jiga. Mutanen kirki ne, ba su hana mu ba, amma rijiyarsu tana da masu ita. Su ja nasu da asuba, Filani da Buzaye su shayar da hantsi, mu sai rana ta take tsaka.

Ga yadda kwanakin suka zama. Da an sallame asuba mu ɗaure salkuna a kan jakuna mu kama hanya. Mu isa, mu zauna a inuwar da ba ta kai ta rufe kai da gwiwa ba, mu jira. Mu ja ruwa rana na dukan ƙeya, ƙasa ta ɗauki zafi har takalmin fata ba ya tare ta. Mu juyo, iskar bazara na busowa kamar daga bakin maƙera, salkuna na zufa, muna kallon ɗigon da ke zuba a ƙasa kamar jininmu ne. Sai la'asar mu iso. Abin da ya rage na yini shi ne na rami: jan kwandon ƙasa, da saro itacen ɗauri daga nesa, don na kusa duk awaki da gatari sun gama da shi. Mutum ɗaya ba ya rabuwa biyu. Rami ya yi ta tafiyar hawainiya.

Yunwa na san ta, na gan ta ina yaro. Wannan ba ita ba ce. Hatsi na nan, ruwan dafa shi ne babu. Innata ta auna ruwan gida da ludayi. Wanda aka wanke gero da shi, ƙasarin, na akuya ne. Akushi da yashi ake goge shi. Alwala ta koma taimama, har goshin tsofaffi ya yi fari. Tuwo ya zama na Juma'a, sauran kwanaki gumba ce, a tauna a haɗiye da ƙyar. Wanka kuwa an manta da shi, duk gari wari ɗaya muke, ba mai yi wa wani gori. Leɓunan yara suka tsattsage. Shanu muka ba Filani suka tafi da su. Ayari ya daina biyowa ta wajenmu, don raƙumi ba ya tsayawa inda ba komi.

Mai garin Tudun Jiga ya aiko da magana mai daɗin ji: ga daji nan a bayan garinsu, duk mai so ya zo ya yi sassabe ya zauna. Kowa ya san abin da ke ciki. In ruwan shuka ya sauka ba a gama rijiya ba, hannu duk zai koma gona, damina ta rusa ramin, tabki kuma ba ya kai mutum rani. Inda mutum ya shuka bana, nan ne garinsa. Gida ɗaya ya tafi, na biyu ya bi. Ni ma na je na sassabe wani wuri a can, na dawo na ce wa Inna ta fara ɗaure kaya.

Tana tsince gero a faifai, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Kai wannan, ɗan'uwana na kwance a kwarin can ba likkafani. In tafi in bar shi da wa? Kai je ka. Ƙafa biyu gare ka."

Idi kuwa maɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma ƙafar ta warke a lanƙwashe, ta ƙanƙance, ba ta kai ƙasa. Ya yar da sandar da aka sassaƙa masa, ya ce tana ci masa hamata. Da tsalle yake zuwa ko'ina. Kullum yana gindin aduwar da ke bakin sabon rami yana tufka igiyar kaba, ba ya magana da yawa.

Abin da ya fi rana ƙuna a Tudun Jiga shi ne bakin Barmo, sarkin samarinsu, wani ƙato mai wuya kamar turmi. Da ya hango jakunanmu sai ya tashi tsaye.

"A'a, maraba da zakarun langa! Aduwa Uku, ina ruwanku?"

Yaransa su fashe da dariya, don maganar baki uku gare ta, kowanne kuma ya same mu. Ran nan na kasa haɗiyewa, na ce, "Babu ruwanka."

"Ni? Ni kuwa ke da ruwa, ga shi kana ja. Ku ne babu ruwanku, na rijiya babu, na fako babu."

"Ko da jakin nan muka sa ruwa, sai mun sha a gabanka."

Ya daina dariya, ya matso. "To mu sa wani abu a kai, ɗan Aduwa. Ran Juma'a a fakonku, a sha sau ɗaya tak, wanda ya riga shi ya ci. In kun sha, samarin Tudun Jiga za su yi muku gayya a raminku har ku ga ruwa. In mun sha, noman farko na gonakinmu naku ne. Ai dama nan za ku dawo, gara ku saba."

Na amsa kafin in yi shawara da kowa. Mai garinmu da ya ji ya ce wasan yara ne, amma bai hana ba. Ya san hannu nawa ke Tudun Jiga, ya san nawa suka rage mana.

Muka taru a gindin aduwa a fid da ruwa. Idi na gefe da igiyarsa. Bai ɗago kai ba ya ce, "Ku sa ni."

Na ce, "Gurgu a langa?"

Kalmar ta fita kafin in kama ta, har yau kuma in na tuna ina jin nauyinta.  Shi kuwa ya ɗaure bakin igiyarsa a hankali, ya dube ni.

"To, taubashi, langa mece ce in ba gurguntar ganganci ba? Ku da yamma kuke yin ta, ku gaji ku sauke ƙafa. Ni da ita nake zuwa masallaci, da ita nake zuwa bayan gari."

Aka yi dariya, amma na kafe. Na ce ni na ɗauko magana, ni zan zama ruwa. Ya ce, "Allah ya ba da sa'a," ya ci gaba da tufka.

Ran Juma'a bayan la'asar suka iso da gangarsu. Hadari ya ɗan taru a gabas, irin na yaudara. Aka kife turmi. Alƙali wani tsohon Bafillace ne, Baffa Juli, wanda ya shayar da shanunsa a garuruwan biyu, ba ya bayan kowa. Malam Kyari ya fito daga rami yana kakkaɓe jiki, ya gan shi ya ce, "Bafillace ne alƙali? Ku sa ido a kan turmin nan, kada ya ce maraƙi ne ya kora shi."

Baffa Juli ya ce, "Babarbare, koma raminka. Ƙasa kaɗai ke iya jure kallonka yini guda."

Matanmu ba su zo ba. Tun rasuwar Kawu Tanko ba su sake zuwa fako ba, suna cikin gida suna daka.

Wasa ya fara a hannunmu, ni ne ruwa. Abin da na sani shi ne aikin doki, wato turi. Ruwa ba ya faɗa, zillewa yake yi. Da na ga Barmo ya nufo ni yana murmushi, sai na manta da turmi na nufe shi. Ban san yadda aka yi ba, na dai ga sama, na ji ƙasa a bakina. "Ruwa ya zube!" in ji yaransu.

Wasa ya koma hannunsu. Ruwansu wani ɗan gajere ne mai sauri kamar zomo. Ya ratsa mu, dawakinmu na zubewa, har ya miƙa hannu zai taɓa turmi, sai ƙaramin cikinmu ya faɗo masa ta baya suka mirgina tare. Baffa Juli ya ɗaga sanda ya ce bai taɓa ba. Wasa ya dawo hannunmu. Tazarar da ta rage tsakanin garinmu da watsewa ba ta kai kamu ɗaya ba.

Ba wanda ya kira Idi. Shi ya taso daga gindin aduwa, ya tsallako cikin fili, ya tsaya a wurin ruwa. Na koma gabansa, wurina na da.

Barmo ya ɗaga hannu. "Baffa, ban yarda ba. Wannan ba ya mutuwa! Ko ya saki, ƙafar ba ta kai ƙasa."

Wani daga cikin taro ya ce, "Ai rijiya ma ta gwada."

Har mutanensu suka yi dariya. Baffa Juli ya zaga Idi yana duban ƙafar kamar mai sayen sa. Ya ce, "Ya riƙe ta ta baya kamar kowa. Hannu ya rabu da ita, ya mutu."

Ni da ke kusa na san abin da hukuncin nan ke nufi. Ƙafar ta warke ne a karkace, ba ta son komawa baya. Idi ya kai hannu ya kamo ta ya ja. Na ji ƙashin ya yi wata 'yar ƙara. Gumi ya keto masa a goshi lokaci ɗaya, leɓensa ya yi toka. Na ce, "Idi, bari."

Ya ce, "Rufe bakinka ka saurara. Barmo naka ne. Kada ka ce za ka kayar da shi, ba ka iyawa. Faɗi da shi."

Ganga ta tashi. Na nufi Barmo kai tsaye, ya buɗe kafaɗa yana jiran turi. Ban ture shi ba. Na saƙala hannuna a wuyansa na saki jikina duka, muka tafi ƙasa tare kamar an sare gawo. Ya danne ni yana zagi, ni kuwa na leƙa ta ƙarƙashin hamatarsa ina kallo.

Ban taɓa ganin langa irin ta ranar ba. Da can Idi tsalle yake yi mai tsawo don 'yan mata su gani. Yanzu ba ya ɓarnar ko taki ɗaya. Gajere-gajere, ƙasa-ƙasa, kamar mai tafiya a tsakar gidansu. Biyu suka taso masa daga dama da hagu. Sai ya tsaya cik, a kan ƙafa ɗaya, ko rawa ba ya yi, kamar shamuwa a bakin tabki. Su da ba su iya tsayawa ba suka wuce shi suka yi karo da juna. Na ƙarshe, ɗan gajeren nan, ya bangaje shi a kafaɗar da ke riƙe da ƙafar. Na ga ya runtse ido, ya yi tangal-tangal, na ce shi ke nan. Bai saki ba. Tsalle uku, ya ɗora tafin hannunsa a gindin turmi.

"Ruwa ya sha! Ruwa ya sha!"

Muka yi ta ihu har maƙogwaron da ba shi da yawu ya dushe. Yara suka kwasa a guje cikin gari suna faɗa. Muna cikin ɗaga Idi sama, sai na ga mutane suna juyawa suna kallon hanyar gari.

Matanmu ne. Sun fito a guje, kowace da tulu a ka, wata ko gammo ba ta tsaya ɗauka ba, wata da goyo yana kuka. Ba fako suka nufo ba. Ramin Malam Kyari suka nufa. Innata ce a gaba, tsohuwar da ban taɓa ganin ta yi gudu ba. Ta isa bakin ramin ta leƙa. Ta daɗe tana leƙawa. Babu kome sai kwando da busasshiyar ƙasa.

Ganga ta yi shiru. Na je na tsaya a bayanta, na ce, "Inna, langa ce. Idi ne ya sha."

Ta ce, "Na san ana langa yau, ni na ba da turmin. Amma kunnena ya daɗe yana jiran kalma ɗaya. Da na ji ta daga wajen kwari, ƙafata ba ta tsaya tambaya ba."

Ta sauke tulun ta girke shi a bakin ramin. "Na fito da shi, ba kuwa zan koma da shi wayam ba. Ya zauna nan." Sauran matan suka sauke nasu ɗaya bayan ɗaya, suka jera, suka juya gida hannu sake.

Barmo na tsaye, ƙasa a rabin fuskarsa. Wannan abin dariya ne da zai ishe shi shekara, na kuma jira in ji ta. Bai yi ba. Ya dubi tulunan nan, ya tattara yaransa suka tafi ko sallama babu.

Washegari kafin rana ta fito muka ji kukan shanu. Ba samari kaɗai ya kawo ba. Ya zo da takarkarai biyu, da jakuna ɗauke da itacen ɗauri, da salkunan ruwa cike don kada mu ɓata yini a hanya. Inna ta tare shi a bakin kwari, ta dubi kayan ta ce, "Kai ɗan nan, wannan ya wuce abin da kuka yi alkawari. Ina ruwanka?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Da ruwana, Inna."

Daga ranar rami ya fara gudu. Masu haƙa na karɓar juna, takarkari na jan ƙasa, masu sara na sara, Idi na ba da igiya. Da azahar mu da su mu zauna a inuwa ɗaya mu tauna gumba, Barmo na cewa wuyansa har yanzu ciwo yake, wai ba langa na yi ba, kokawar mata na yi. Tulunan na nan a jere, iska na busawa a bakinsu suna kuka. Duk wanda ya gaji ya so zama, in ya dube su sai ya miƙe. Shamuwa ta gaske ta iso ta fara ɗaukar kara tana sheƙa a kan aduwa. Kowace yamma hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin, mu manoma da muka saba roƙon ya sauko muna satar kallonsa muna cewa a zuci ya ɗan ƙara haƙuri.

Wata safiya kwando ya fito, a kan ƙasar akwai wani curi da Malam Kyari ya dunƙula da hannunsa. Bai watse ba. Aka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu, kowa ya shinshina, wani ya manna a kumatu. Sanyi gare shi.

Ruwan shuka ya sauko bayan haka da 'yan kwanaki, kowa kuma a gonarsa ta gado ya shuka. Gidajen da suka tashi suka dawo kafin kaka, sai ɗaya. Wurin da na sassabe a Tudun Jiga na bar wa Barmo, na ce ladan wuyansa ne. Da rani ya zagayo, Idi ya hana mai gari sakat sai da aka fara rijiya ta biyu, ya ce shi ya san abin da ake ji a kan ƙafa ɗaya, bai kuwa yi wa gari fatan haka ba. Shi kansa bai sake shiga langa ba har ya bar duniya. In an tambaye shi sai ya ce wanda ya sha ya ƙoshi.

Amma ranar da nake so jikana ya sani ita ce kashegarin curin nan. Gari duka na bakin rami, har Tudun Jiga. Aka zura ƙaramin guga, ya ce tinjim, ya fito da ruwa ja, rabinsa laka. Aka juye a ƙwarya aka miƙa wa mai gari. Ya dube shi, ya miƙa wa Inna. Ta karɓa da hannu biyu, ta taka har kabarin ƙanenta, ta yayyafa masa rabi, ta tsaya ta yi addu'arta.  Ta dawo ta wuce liman, ta wuce Malam Kyari, ta wuce ni, ta tsaya a gaban Idi a gindin aduwa, ta miƙa masa sauran.

Ya kafa kai ya shanye, har lakar. Ya sauke ƙwaryar, jan ruwa na bin gemunsa.

Inna ta juya wajen matan, ta ɗauki tulunta, ta kakkaɓe ƙurar da ke bakinsa. Ta ce, "To, yanzu ku faɗa. Ruwa ya sha."